Dakan Wofi a Lungun Tanki

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Mahjar, can kudancin Jidda, da wuya a ce bai ci yajin Rakia ba. Tsohuwa ce 'yar Madawa ta ƙasar Nijar, doguwa, busasshiya, idonta na hagu ya fi na dama buɗewa, kuma da wannan na hagun take auna mutane. A 1977 ta zo aikin hajji tare da mijinta Nomau, da 'yarsu Haoua mai shekara shida. Niyyarsu su ɗan tsaya su nemi guzurin komawa gida. Neman guzurin nan ne ya kai Nomau shekara goma sha biyu yana dako a kasuwar kayan miya, har ranar da ya sauke buhun albasa, ya zauna ya ce kansa na juyawa, bai ƙara tashi ba. Da Rakia ta fita takaba sai ta mirgino turminta zuwa bakin lungunsu, gindin wani tsohon tankin ruwa da tsatsa ta cinye, wanda saboda shi ake ce wa wurin Lungun Tanki. Nan ta kafa sana'ar dakan yaji da kuka da citta.

Wannan ita ce sana'ar da baƙo yake gani. Ta gaskiyar kuwa gadi ce. Gidaje goma sha huɗu ne a lungun, kuma in ka tara masu iƙama a cikinsu, wato takardar izinin zama, ba za su cika tabarma ɗaya ba. Saura duk alhazai ne da masu umara da suka ƙi komawa, da 'ya'yan da suka haifa a nan. Ranar da motar masu kame ta shigo, wanda aka samu a fili sai tarhil, gidan da ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsu. Daga gindin tankin ana hango babban titi har kwanarsa, don haka Rakia ce ke fara ganin motar.

Dabarar da ta ƙirƙiro ba mai gane ta sai wanda ya tashi yana jin daka. A garinsu ba a dakan turmi babu komai a ciki, ko yarinya ce ta gwada sai an kwaɗe mata hannu. Ƙarar ma daban take, turmi mai kaya amo yake yi a dunƙule, na wofi kuwa kwankwatsa yake yi kamar ana buga ƙofa da itace. Da Rakia ta hango motar sai ta juye abin da ke cikin turmin a roba, ta shiga daka a wofi. Kafin motar ta gama juyowa lungun ya zama kango, wasu sun bi ta saman soro sun sauka bayan gidaje, wasu sun shige ramin ajiyar ruwa. Masu kamen kuwa, ko sun ji, dakan wata baƙar tsohuwa suka ji. Ita kanta tana da wata 'yar tsaga bayan tankin da take sulalewa ta ciki.

Bahaushe sabon zuwa da alama ɗaya yake ganewa. Wanda ba Bahaushe ba kuwa sai an zaunar da shi an koya wa kunnensa, kuma wannan hukunci a hannun Rakia kaɗai yake. Ta koya wa wasu Yamalawa, ta koya wa wata bazawara 'yar ƙasar Bama, amma kowannensu sai da ya yi wata guda a ƙarƙashin idon hagun nan. Dalilinta a fili yake. Ranar da sirrin turmin ya kai kunnen hukuma, a ƙafa za su zo su fara ɗauke ta, su bar lungun babu ido.

Zargi kam Allah ya hore mata shi. Ta zargi mai kawo tukunyar gas, ta zargi mai gyaran famfo, ta zargi wani makaho saboda a ganinta ya cika sanin hanya. Sau biyu cikin shekara goma zarginta ya faɗa daidai, ɗaya daga ciki wani mai tallan turare ne da takalminsa ya cika sheƙi. Waɗannan biyun ta riƙe tana ba da labarinsu, sauran ɗari da ta yi kuskure ba ta tuna ko ɗaya. Mutanen lungu suna yi mata dariya a bayan ido, amma babu wanda yake so ta yi ko zazzaɓin kwana ɗaya.

Ba don kanta take wannan tsaro ba. Takan ce ita ko yau aka jefa ta Madawa ta san hanyar rijiya. Damuwarta jikarta ce Aishatu, 'yar shekara tara, haifaffiyar Mahjar, wadda babu takarda ko ɗaya a duniya da ke ɗauke da sunanta. Uban yarinyar, Alkasim, an kama shi a wurin aikin gini tun tana shekara biyar, bai samu hanyar dawowa ba. Uwarta Haoua tana aikatau a wani gida a Aziziyya, sai ranar Juma'a take leƙowa. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar da magana rabi Larabci ne. Rakia ta sha tsayar da taɓarya tana tunanin wannan yarinya an sauke ta a ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

A azumin ƙarshen 1998 baƙuwar ta zo. Akwai wani ɗan Afganistan mai suna Abdulghaffar da ke da tanderun tamis a bakin babban titi, irin faffaɗar gurasar nan da ake ci da wake da safe. Ya fi shekara goma a wurin, yana da iƙama, yana da kafili Balarabe da ke tsaya masa, kuma bai taɓa shiga harkar kowa ba. Shi ne ya kama ɗakin sama na gidan da ke can ƙuryar lungu, ya kawo matar ƙanensa, Zakiya, da 'yarta Rabi'a, sa'ar Aishatu. Ta Pakistan suka biyo da sunan umara. Aka yi salla, kwanakin bizarsu suka ƙare, ba su tafi ba. Wannan bai dami kowa ba, ai haka kowa ya fara.

Abin da ya dami Rakia taga ce. Ɗakin yana da taga ɗaya mai gilashi da ke kallon lungun tsaye har gindin tanki. Kwana uku da tarewarsu aka wayi gari an shafe gilashin da baƙin fenti daga ciki. Rakia ta ga masu rataya zane, ta ga masu liƙa kwali, ba ta taɓa ganin mai fenti ba. Bayan mako guda, da la'asar, rana ta haske tagar, sai ta lura an kankare wata 'yar kafa a tsakiyar fentin, ba ta fi ƙwayar gujiya ba. Ta ƙura mata ido har ta ga wani abu ya gilma a bayanta. Tun daga ranar, duk lokacin da ta ɗaga kai daga turmi sai ta ji kafar nan a goshinta.

Ta yi abin da ya kamata, ta zuba yaji a kwanonta mai furanni ta aika Aishatu da shi. Yarinyar ta dawo ta ce matar ta buɗe ƙofa kaɗan, ta karɓa, ta tambaye ta sunanta da shekarunta, ta rufe. Kwanon bai dawo ba, matar kuma ba ta sauko ta yi godiya ba. Rakia ta bar maganar kwanon a ranta, amma ta fi riƙe tambayar sunan. Sau biyu kawai ta ga matar ta fito, kuma duk a bayan Abdulghaffar, a lulluɓe, da takalmin yadi da ba ya ƙara ko kaɗan. Ta wuce gaban turmin kanta a sunkuye, ko sallama babu. 'Yarta kuwa da ta ga wata a-kori-kura ta tsaya a titi sai ta maƙale a bayan uwar. Ana cikin haka aka shiga lungun da ke bayansu aka kama Isha'aku tela, mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu babu wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Rakia ta haɗa sabuwar baƙuwa da sabon kame, lissafinta ya fita daidai yadda take so.

Wata safiya Abdulghaffar ya bar tanderunsa ya zo da tamis biyu masu zafi, ya tsuguna a gefen turmin. Da Larabcin kasuwa suka yi magana, wanda kowannensu ya karya shi ta nasa gefen. Ya ce ya daɗe yana lura lungun nan yakan watse tun kafin mota ta iso, bai taɓa tambaya ba saboda shi da takardarsa, amma yanzu yana da mutane biyu da ba su da ita, yana roƙon a sanar da su sirrin. Daga nan ya ba ta labarin matar. Malamar makarantar 'yan mata ce a Kabul. Roka ta faɗa wa layin masu sayen burodi ta kashe mijinta, lokacin da ƙungiyoyi ke yaƙi da juna a kan birnin. Da Taliban suka karɓi gari suka rufe makarantun mata, suka hana mace aiki, suka hana ta fita sai da muharraminta, suka ce a shafe tagogin gidaje da fenti kada a hango mace daga waje. An taɓa zane Zakiya da wayar lantarki a kasuwa saboda iska ta ɗaga lulluɓinta an ga idon sawunta. Ya ce ya gaya mata nan ba Kabul ba ne, ba sai ta shafe taga ba, ta ce ita ba ta iya zama a ɗaki mai haske kuma.

Rakia ta saurara, kuma gaskiya labarin ya taɓa ta. Sai dai a wurinta labari mai ban tausayi shi ya fi ban tsoro, don mai turaren nan ma da labarin marayu ya zo. Ga kuma kafilin mutumin, wanda aka ce ɗan'uwansa yana sa kaki. Ta kalli tamis ɗin, ta kalli baƙar tagar.

"Ni dai yaji nika daka, ɗana," ta ce. "Ban san komi ba bayan wanga."

Abdulghaffar ya miƙe ya ce halas, shi ke nan, Allah ya ba da lada, ya koma wurin wutarsa.

Ba a yi wata guda ba ta lura da wani sabon abu. Da hantsi sai 'yan matan lungun su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, Aishatu da Mairo da Aissa da wasu biyu, kowacce da ƙyalle da allura a hannu, kuma ba sa tafiya tare. In sun dawo da azahar ƙyallen yana nan yadda ya tafi, ko ɗinki ɗaya babu. Ta bi sawunsu da ido, ta ga duk matakalar ƙuryar lungu suke hawa. Ranar wanki ta kwance ƙulli a bakin mayafin Aishatu, ta samu takarda an ninke ta ƙanana.

Rakia ba ta karatu. Ta ɗauki takardar ta kai wa Malam Gwadabe, wani Bakano da ke sayar da carbi a ƙofar masallaci. Ya sa tabarau ya karanta mata: Aishatu 'yar Alkasim, Haoua, Rakia, Nomau, Madawa, Mahjar. Har ya fara cewa rubutun kamar na ɗan koyo ne, amma ta riga ta fizge takardar ta juya. Gidanta kaf, har da mamaci, har da garin da za a mayar da su. Wa ke tara irin wannan in ba mai kai wa ofis ba?

Ta tsare Aishatu a ɗaki. Yarinyar tana kuka tana cewa, "Inno, wallahi mudarrisa ce, karatu take koya mana. Ni na rubuta, ana katabtu da hannuna." Ta ce malamar ce ta ce su riƙa zuwa ɗai-ɗai da kayan ɗinki, don haka ake yi a garinsu. Da Rakia ta miƙa mata alƙalami da magana ta ƙare a nan. Amma yarinyar da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba, a ce cikin wata ɗaya tana rubuta sunan kakanta? Rakia ta ce ashe har ƙarya an koya mata. Ta sa ta rantse ba ta taɓa faɗin maganar turmi a can sama ba, kuma ba za ta faɗa ba. Sannan ta bi gidajen sauran iyayen ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar babu yarinyar da ta ƙara hawa matakalar nan.

Kwana tara kafar tagar ba ta huta ba. Lokacin kuma an gama aikin hajji, lokacin da kame ke tsananta. Rakia ta rage zuwa ko bayan gida, ta kasa idonta biyu, ɗaya a titi ɗaya a taga.

Ranar Talata da hantsi, tana dakan citta, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Zakiya ta sauko ita kaɗai, babu namiji a gabanta, tana riƙe da wani abu a rufe da ƙyalle. A hankali take tahowa tana bin jikin bango, tana tsayawa tana waiwaye, kuma kai tsaye gindin tanki ta nufo. Rakia ta juya ga titi don ta ga ko da wanda matar ke jira. A daidai kwanar ta hango doguwar motar nan mai raga a tagogi tana rage gudu.

Tsoro ya kama ta, kuma abin kunya ne a faɗa, har da 'yar gamsuwa a ciki, irin ta wanda maganarsa ta tabbata. Ta juye cittar a roba, ta ɗaga taɓarya ta shiga kwankwatsa turmin. Ƙofofi suka fara rufuwa, takalma suka yi ta ƙara a saman soraye, wata mata ta sure ɗanta daga bakin kwata ta shige. Zakiya ta tsaya taku uku daga turmin tana kallon lungun yana watsewa, ba ta gane komai ba. Ta juyo ta ɗage lulluɓin fuskarta. Ba ta kai yadda Rakia ta zata a shekaru ba. Ta buɗe baki ta yi magana da wata karkatacciyar Hausa da aka ji haddace ta aka yi.

"Ina kwana, Inno. Ki bar yara su zo."

Tsagar bayan tankin tana ɗaukar mutum biyu, an sha gwadawa. Hannun matar yana nan kusa, miƙa hannu kawai ya rage. Rakia ta dube ta ido cikin ido, ta jingine taɓarya, ta sulale ita kaɗai.

Daga cikin tsagar akwai inda tsatsa ta huda ƙarfe, ta nan ta leƙa tana jiran ta ga matar ta gaisa da mutanenta ta fara nuna ƙofofi. Motar ta tsaya, mutum uku suka sauko. Babbansu ya tambayi matar iƙama. Ba ta da ita. Ya tambayi fasfo, ya tambayi ƙasarta, ta ce Afganistan. Ya ce ina gidanta, wa take da shi a nan, akwai yara? Rakia ta ga wuyan matar ya motsa kamar za ta waiwaya ƙuryar lungu, sai ta daure ta kafe idonta a kan titi. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce ita kaɗai ce, ba ta da kowa. Aka ce yalla, ta wuce mota. Kafin ta bi su ta sunkuya ta ajiye abin hannunta a gindin turmin, ta gyara masa zama. Sun bubbuga ƙofofi huɗu ko biyar, ba su samu kowa ba, suka tafi da ita.

Da ƙarar motar ta ɓace Rakia ta fito. Ta ɗaga ƙyallen. Kwanonta ne mai furanni, cike da shinkafa da aka dafa da karas da busasshen inabi, da sauran ɗuminta.

Ba ta san lokacin da ta kira Aishatu daga maɓoyarta ba. Ta riƙe hannunta suka hau matakalar da ta hana kowa hawa. Ƙofar a saye take. Ɗakin duhu, babu komai sai katifa ɗaya da risho da akwati. A jikin bango an jingine wani babban kwali da aka shafe da ragowar baƙin fentin nan, an yi rubutu a kai da alli. Aishatu ta nuna layi na biyu ta ce wannan nata ne, ta ɗauki guntun alli ta sake rubuta shi a ƙasa. Rakia ba ta iya karantawa ba, amma ta ga iri ɗaya ne da na takardar.

Rabi'a tana tsaye a kan gwangwanin madara da ta kifa, don kafar tagar daidai tsayin babba aka kankare ta. Idonta na manne da gilashin. Ba ta yi kuka ba, ba ta juyo ba sai da Aishatu ta taɓa ta. Da ta ga wadda ke bakin ƙofa sai ta ja da baya har ta haɗu da bango.

Abin da ta faɗa da guntun Larabcinta, Aishatu ce ta mayar da shi Hausa. A Kabul ma uwarta ta ci gaba da koyar da yara a ɓoye, a ɗakin ƙasa, da sunan koyon ɗinki. A bakin layinsu akwai wata tsohuwa da ke wuni a ƙofar gida tana tsince shinkafa, tana kallon mai shiga da mai fita. Ita ce ta kai rahoto. Aka zo aka ƙone littattafan a tsakar gida, aka doki yaran, su kuma suka gudu kafin a dawo. Da suka iso nan uwarta ta leƙa ta ga wata tsohuwar a bakin lungu, sai ta ce ga irinta nan. Don ta riƙa lura da tsohuwar ta kankare fentin, ta ga da wa take magana. Ko yajin ba su ci ba. Da yara suka daina zuwa uwarta ta ce gara ta je ta roƙe ta fuska da fuska. Kwana uku tana kaiwa bakin ƙofa tana dawowa, don rabonta da fita ita kaɗai tun kafin a rufe makarantu.

Yarinyar ta ƙara wata magana, Aishatu ba ta fassara ba sai da kakarta ta matsa mata.

"Ta ce ta gani da idonta, Inno. Kin buga turmi, mota ta zo."

Abdulghaffar ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya rufe tanderu kwana huɗu yana bin kafilinsa, amma mace da bizar umararta ta mutu babu abin da za a yi mata. Sau ɗaya aka bar shi ya gan ta. Har lokacin ba ta faɗa wa kowa tana da 'ya ba. Saƙonta ɗaya ne, kada a kawo mata Rabi'a, kada a mayar da ita, a bar ta inda yarinya za ta iya riƙe alli. Bayan mako biyar aka sa ta a jirgin Kabul.

Abdulghaffar namiji ne shi kaɗai, tun asuba yana gaban wuta, ba shi da inda zai ajiye yarinya. Rakia ta je da kanta ta tsaya a bakin tanderun ta ce a ba ta ita. Ya amsa, amma ta san rashin mafita ne ya sa ya yarda. Rabi'a ta tare ɗakinsu da akwatin uwarta da baƙin kwalin nan. Ta fi wata biyu ba ta cin abin da Rakia ta dafa sai ta ga Aishatu ta fara kai loma.

Rakia ta ƙara shekara goma sha ɗaya a gindin tankin kafin gwiwoyinta su kwantar da ita. Zargi bai bar ta ba, har ƙarshe tana cewa sabon mai gas ɗin nan a sa masa ido. Sai dai daga wannan shekarar duk baƙon da ya sauke kaya a lungun, ko daga wace ƙasa, ranar farko take kiransa ta koya masa dakan wofi, sannan ta ci gaba da zarginsa. 'Yan matan sun koma gaban baƙin kwalin, Rabi'a tana koya musu abin da ta riƙe daga uwarta. Wasiƙa ɗaya ta zo ta hannun wani alhaji bayan shekara biyu, daga nan ba a ƙara jin labarin Zakiya ba. Abdulghaffar ya aika mutane su nema bayan faɗuwar Taliban, aka ce layin nasu ma babu shi.

In Rakia tana ba da labarin rayuwarta takan wuce mai turare da sauri yanzu. Inda take tsayawa wata safiya ce, kwana kaɗan bayan Rabi'a ta dawo hannunta. Ta kira ta gindin tanki, ta sa Aishatu a tsakani. Ta zuba barkono ta daka, ta ce ki ji wannan. Ta juye, ta daka a wofi, ta ce ki ji wannan kuma. In kin ji na biyun, ki bar duk abin da kike yi, ga tsaga nan bayan tanki, tana ɗaukar mutum biyu. Ta maimaita har sau uku don kunnen yarinyar ya riƙe.

Rabi'a ta saurara har ƙarshe. Ta je ta leƙa tsagar, ta shiga, ta ja Aishatu ciki, ta ga lalle sun shige su biyu har da sauran wuri. Ta fito ta tsaya daidai inda uwarta ta tsaya, taku uku daga turmin. Wannan karon ba ta nemi mai fassara ba.

"Mama tana nan," ta ce, ta nuna ƙasa da yatsa. Ta juya yatsan ga tsagar. "Ke kina nan. Me ya sa?"

Rakia ta riƙe taɓaryar da hannu biyu. Barkonon yana cikin roba, masu saye biyu suna jira, ta kasa mayar da shi cikin turmin.